KAR MAMA TA JI

Shafi na 23

Masu biyo ni ta bayan fage kuna cewa in jefa Yaya Babba a rijiya, ku yi haƙuri, ina da sauran aiki da shi. 😒 Waɗanda suka shigo a tsakiya kuma, ga inda aka kwana: Mama mai ɗinkin labule ta yanke jiki ta faɗi ranar da aka bugo mata waya cewa mota ta kaɗe Autanta, alhali gwiwa kawai ya kurje. Likitoci suka ce firgitar ce ta sa tsokar zuciyarta ta saki. Tun da aka sallamo ta, babban ɗanta, Yaya Babba, ya kafa doka a gidan: kar Mama ta ji komai. Har da maganar Inna ta shago, aminiyarta kuma abokiyar sana'arta, da ke kwance a asibiti. Yau ce ranar komawa ganin likita.

*

"Keken nan na waye?"

Mama ce tsaye a ƙofar falo, mayafi a kafaɗa, jaka a hammata, tana kallon keken marasa lafiya da Auta ya turo har gabanta.

"Naki ne, Mama. Yaya ne ya ce..."

"Yaya ne ya ce. Ƙafata ce ta samu rauni ko taka?"

Auta, da gemunsa da komai, ya sunkuyar da kai. Tun ranar da gwiwarsa ta kusa aika uwarsa lahira ba ya iya haɗa ido da ita.

Yaya Babba ya fito daga ɗaki rungume da na'urar awon jini.

"Mama, ɗan zauna in ƙara aunawa kafin mu fita."

"Ka auna ina tashi daga barci. Ka auna ina shan shayi. Ka auna ina tsakiyar hamma. Jinin nan dai shi ne, ba a canjo wani ba."

"Rigakafi ne, Mama."

"Rigakafi! Talabijin ya lalace, rigakafi. Wayata ta faɗa ruwa, rigakafi. Rediyon da mahaifinku ya bar min ya yi ƙafa ya fita gidan nan, rigakafi. Jiya maƙwabciya ta shigo, na ce mata ya gari, sai da ta kalle ka sannan ta ce lafiya. Kusan wata biyu a unguwar nan ba wanda ya mutu, ba wanda ɓarawo ya haura wa gida, ba wacce ta yi faɗa da mijinta. Aljanna muka koma ban sani ba?"

Malama, 'yarta ta tsakiya mai koyarwa a firamare, tana gefe tana zuba katin asibiti da kwalayen magani a leda. Da wata rana ce da ta yi dariya. Yau ko murmushi ya ƙi zuwa.

Mama ta gyara mayafi tana ci gaba da mita.

"Ita kuma Ƙawa, bari dai in samu kaina. Shekara talatin muna shago ɗaya, almakashi ɗaya. In kwanta rai a hannun Allah, ita kuma wai ta tafi wurin ɗanta ganin jikoki. Jikokin guduwa za su yi? Ko sannu ta waya babu. Wallahi za ta dawo ta same ni."

Malama ta dire ledar.

"Yaya, zo ka ga wani abu a kicin."

Suna shiga ta tura ƙofa.

"Takwara ta kira ni da safen nan."

Takwara ita ce 'yar Inna ta shago, wadda aka sa wa sunan Mama.

"Rage murya."

"Ba zan rage ba. Jikin Inna ya tsananta. Ta ce kalma ɗaya ce ta rage a bakinta, Ƙawa, Ƙawa. Kai kuma kana ji da kunnenka Mama na can tana ƙullace da ita."

"Gara ta ƙullace ta tana raye."

"Yaya!"

"Ke kika ɗaga ta daga ƙasa ranar? Ni na ɗaga ta. Ni na ga leɓenta ya koma kalar toka. Ke kina aji kina koya wa yara ɗaya da ɗaya biyu. Gwiwa fa, gwiwar wancan gardin kawai aka ambata ta zube. In ta ji Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki fa?"

"To ka manta asibiti ɗaya ne?"

"Na tsara komai. Inna tana sama, ɗakin mata. Likitar zuciya tana ƙasa. Ta ƙofar baya za mu shiga, ta ƙofar baya mu fita."

Malama ta tsaya tana kallonsa.

"Uwarmu ce ko kayan sata?"

"Ki faɗi duk abin da kike so. Kar Mama ta ji."

Daga falo muryar Mama ta taso.

"In kun gama ƙus-ƙus ɗin, ni dai na fita. Wanda ya biyo ni da keken nan shi zan ɗora a kai."

*

An gama hoton zuciyar, Mama ta goge sanyin man da aka shafa mata a ƙirji, ta zauna gaban likita. Yaya Babba ya ja kujera ya manne da ita. Malama da Auta suka tsaya jikin bango.

Likitar mace ce mai ɗan shekaru, tabarau a kan hanci, da gani ba ta da lokacin wasa.

"Mama, ya numfashin?"

"Da sauƙi sosai," in ji Yaya.

"Ƙirjin yana miki nauyi?"

"Babu, ko kaɗan," in ji Yaya.

"Barci fa?"

"Tana samu, sai dai..."

Likita ta ajiye biro.

"Malam, zuciyar a ƙirjinka take?"

"A'a, ɗanta ne ni."

"To ka bar mai ita ta yi magana."

Mama ta juya ta kalle shi sama da ƙasa.

"Allah Ya yi miki albarka, likita. Yau na ji daɗin fitowa."

Likita ta juyo da allon na'urar wajensu. Hotuna biyu ne gefe da gefe, kowanne yana motsi.

"Wannan na ranar da aka kawo ki ne. Kin ga ƙasan nan? Ya buɗe ya tsaya kamar tulu, wuyan kawai ke matsawa. In mutum ya firgita sosai, jiki na kwararo sinadarin tashin hankali da yawa a lokaci guda. Shi ne ya sumar da tsokar. Mun duba jijiyoyin zuciyar a lokacin, babu wadda ta toshe, shi ya sa muka ce ba irin bugun zuciyar da kuka saba ji ba ne, kama kawai suke yi. Wannan kuma na yau ne. Duba da kyau."

Mama ta matso da fuska.

"Wannan kam tana matsawa gaba ɗaya."

"Gaba ɗaya. Ƙarfinta ya dawo."

"Wato ta farfaɗo?"

"Ta farfaɗo. Yawancin masu wannan ciwon haka suke, cikin makonni tsokar take dawowa daidai."

"Alhamdulillahi," Auta ya faɗa da ƙarfi, ya juya ya fuskanci bango yana goge ido da hannun riga.

Yaya Babba bai saki fuska ba.

"Amma likita, zai iya dawowa ko?"

"Yana iya dawowa, ga mutane kaɗan. Ba zan yi maka ƙarya ba. Shi ya sa za ta ci gaba da shan magani, ta riƙa zuwa muna dubawa. In ta ji ciwon ƙirji ko numfashi ya sarƙe, ku kawo ta nan take. Mama, tattakin da na ce fa? Har ina kike kaiwa?"

"Daga gado zuwa banɗaki. Da ɗan rakiya."

Likita ta zare tabarau.

"Ban ce ta riƙa zagaye kaɗan-kaɗan tana ƙarawa ba?"

"Mun ga kamar..." Yaya ya fara.

"Gishiri kuma cewa na yi a rage."

"Korar kare suka yi masa," in ji Mama. "Abincin gidan nan in kin ci sai ki ɗauka kwali aka jiƙa."

"Mutane fa? Kina samun masu zuwa hira?"

"Ina samu. Sai an tsayar da su a ƙofa an yi musu darasi sannan su shigo suna washe min haƙora. Likita, ko allura na ɗauka zan sa maɓalli sai a ƙwace. Ni da na ɗinke labulen rabin garin nan."

Likita ta dafe goshi.

"Malam, mahaifiyarku ba ƙwai ba ce. Zaman kaɗaici da tunani shi ma nauyi ne a kan zuciya. Ku bar ta ta koma rayuwarta a hankali. Shagon ma ta fara leƙawa."

Malama ta ɗan matso.

"Likita, in kuma akwai wani labari marar daɗi..."

Yaya ya miƙa ƙafa baya ya take mata yatsu. Likita ta gani. Ta kalle shi, ta kalle ta.

"Labari marar daɗi ba ya ƙarewa a duniya. A zaunar da ita, a faɗa a hankali, nata na kusa da ita. Abin da ba na so shi ne ta tsince shi a hanya ba shiri."

Mama ta ƙanƙance ido.

"Wane labari?"

"Misali take yi," Yaya ya yi caraf ya miƙe. "Kin san malaman makaranta da misali. Mun gode, likita."

*

Suna fitowa Yaya ya nuna hannun hagu.

"Ta nan, Mama."

"Ta nan ɗin da muka shigo, wurin kwandunan shara? Ni ba shara ba ce. Ta babbar ƙofa zan fita. Ka ji dai an ce in yi tafiya."

"Mama, akwai cunkoso..."

"Mutane nake son gani."

Ta yi gaba abinta, takalmi na ƙas-ƙas a kan tayil. Yaya ya bi ta yana waige-waige kamar wanda ya zo yanka aljihu.

"Wallahi ke kika ja," ya ce wa Malama ta gefen baki.

"Ni na gina asibitin?"

A gaban tagar ba da magani layi ne har bakin matakala. Wata matashiya ta fito daga layin rungume da ledar robobin ƙarin ruwa, ɗankwali a karkace, idanu sun faɗa. Tana ɗago kai ta gan su. Ta yi saurin juyawa za ta laɓe bayan ginshiƙi.

"Takwara!"

Ta tsaya cak.

"Ke ce ko idona? Zo nan."

Takwara ta tako kamar mai tafiya kan ƙaya, ta durƙusa.

"Ina kwana, Mama. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya warke, yanzu aka faɗa min. Ke kuma me kika zama haka? Wa aka kwantar?"

Takwara ta kalli Yaya Babba. Yana bayan Mama yana girgiza mata kai, yana haɗa tafukan hannu.

"Kar ki kalle shi," Mama ta faɗa ba tare da ta waiga ba. "Duk wanda na yi wa tambaya sai ya kalli wannan. Amsar a goshinsa aka rubuta? Ni na tambaye ki. Wa aka kwantar?"

"Wata... wata maƙwabciyarmu ce."

"Ranar da aka haife ki ni na fara ɗaukar ki. Tun kina rarrafe in za ki yi ƙarya hancinki ke rawa. Ga shi nan yana yi. Ina uwarki?"



"Mama, mu je mota, a gida za a..." Yaya ya kamo hannunta.

Ta fizge.

"Ina uwarki, na ce?"

Kuka ya ƙwace wa Takwara.

"Tana sama, Mama. Inna ce. Ba ta je ko'ina ba. Kina asibiti ta zo duba ki kina barci, ta koma shago ta ce sai ta ƙarasa labulen da kuka karɓa tare, kar ki farka ki damu. A kan keken ɗinki ta faɗi. Ɓarin jikinta ya shanye. Yaya ya roƙe mu kar mu faɗa miki. Kullum sunanki take kira, ni kuma kullum sai in ce kina hanya."

Har 'yan layi sun juyo.

Mama ta lalubi bencin da ke bayanta ta zauna. Ta ɗora tafin hannu a ƙirji.

Nan fa aka rikice.

"Nas! Nas!" Auta ya kwasa da gudu.

Yaya ya zube a ƙasa yana kokawa da zif ɗin jakar na'urar awo.

"Na faɗa muku! Na faɗa muku! Mama, kalle ni, ja numfashi, miƙo hannun..."

"Ku matsa ku ba ni iska."

"Mama, hannun..."

"Na ce ka matsa!"

Ya ja baya. Malama ta zauna kusa da ita ta riƙe ɗaya hannun. Mama ta rufe ido. Ta ja numfashi, ta sauke. Ta ƙara ja, ta sauke. Hawaye ya gangaro ta gefen hancinta.

"Akwai ciwo?" Malama ta tambaya a hankali.

"Babu irin wancan. Tana nan tana aikinta."

Ta buɗe ido ta sauke su a kan babban ɗanta.

"Safe da yamma ina zagin matar nan a raina. Har cewa na yi in ta dawo raba shagon za mu yi. Kana zaune kana ji. Kana auna min jini kana ji."

"Mama, tsoro na ji."

"Na sani."

"Mun rasa Baba. Ranar da na ɗaga ki na ɗauka ke ma..."

"Na sani, na ce. Tsoronka na gaskiya ne. Amma ranar da mahaifinku ya rasu, wa ya riƙe ni? Kai? Kana can kana kuka a bayan gida. Ita ce ta tare a ɗakina, ita ta riƙa ba ni ruwa a baki. Yau tana kirana, ka sa ana ce mata ina hanya. Ka kulle ni a ɗaki da raina, kana jiran in gode maka."

Ta juya kan Malama.

"Ke ma da bakinki kamar reza a aji, a gida kika zama kurma."

"Na yi ta faɗa masa, Mama."

"Shi kika yi ta faɗa wa. Ni ɗakina ƙofa ce babu?"

 

Sai ga Auta ya dawo a guje yana turo keken marasa lafiya, wata nas na binsa a baya.

"Ina marar lafiyar?"

"Ga su nan su uku," Mama ta nuna 'ya'yanta, ta miƙe. "Takwara, tashi. Wuce gaba."

Gaban lif mutane ne cike, da gadon wani majinyaci ana jira. Mama ta yi masa kallo ɗaya ta nufi matakala.

"Mama, don girman Allah, bene ne fa!"

"A hankali aka ce, ba a ce kar in hau ba."

Ta kama ƙarfen gefe ta fara hawa. Tana kaiwa kwana ta tsaya ta huta, ta ci gaba. Yaya na bayanta ya ware hannuwa kamar mai tsaron raga. Auta ya rasa yadda zai yi da keken, ya naɗe shi ya saɓa a kafaɗa yana nishi.

"Ka ji wanda ke haki," in ji Mama. "A auna shi."

Ba wanda ya yi dariya.

A ƙofar ɗakin mata ta tsaya ta gyara mayafi, ta share fuska da gefensa.

"Kar ta ga na yi kuka, sai ta ce na cika raki. Wane gado?"

"Na ƙarshe, jikin taga."

Suka ratsa tsakanin gadaje. Warin maganin goge ƙasa, ƙarar fanka, wata tsohuwa na tari. Takwara ce a gaba.

Kwatsam ta ja ta tsaya. Ledar hannunta ta suɓuce, robobin ruwan suka gangara ƙarƙashin gadaje.

Gadon jikin taga ba kowa. An yaye zanin, an cire matashi. Wata mai shara tana goge ledar katifar da tsumma.

"A nan na bar ta," Takwara ta faɗa, muryarta na sama-sama. "Yanzu-yanzu na bar ta a nan, magani kawai na sauka karɓowa!"

Babbar nas ɗin ɗakin ta taso daga teburinta da sauri.

"Ke ce 'yarta ko? Tun ɗazu muke kiran wayarki."

Ta kalli Mama, ta kalli katin sashen zuciya da ke leƙowa daga ledar hannun Malama, ta kalli Yaya Babba da ke yi mata alama da ido. Sai ta sassauta murya, ta dafa kafaɗar Takwara.

"Zo mu ɗan fita waje, mu yi magana."

Mama ta damƙe wuyan hannun nas ɗin.

"Ba inda za ku. A nan za ki faɗa. A gabana."